Kafin Diga Ta Taɓa Tsohon Soro

A shekarar 1945 Gulbin Maraɗi ya cika ya batse, ya cinye tsohon birnin da ke zaune cikin fadama. Turawan Faransa suka zana sabon gari a kan tudu, mai tituna miƙaƙƙu, aka kwashe jama'a aka mai da su can. Shi ya sa baƙon da ya zo neman birnin da Katsinawa suka kafa bayan jihadi, birnin Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore, ba zai tarar da shi a tsaye ba yadda zai tarar da unguwar Birni a Damagaram ko tsohuwar Agadas. Wannan ɓarnar ruwa ce, babu wanda za a tuhuma. Abin da muke rasawa yanzu kuwa, yawancinsa mu ke rushe shi da hannunmu, da rana tsaka, kuma da kyakkyawar niyya. Wani bawan Allah ya samu buɗi a Legas ko Kwatano, ya dawo gida yana son ya sabunta masallacin da kakansa ya yi salla a ciki. Hukumar gari tana son faɗaɗa titi. Magada sun yi yawa, gidan gado ya yi musu kaɗan, ana son a raba. Babu mugu a cikinsu. Amma cikin kwana biyu ana iya kwantar da ginin da ya ga sarakuna biyar, ba tare da wani ya tsaya ya duba abin da za a rasa ba.

Wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Runji, ya ratsa Tsibiri, ya wuce Maraɗi zuwa Cadawa da Agye da Gazawa, ya ratsa ƙasa mai yawan tarihi da ƙarancin tsohon gini. Tsibiri ce mazaunin Sarkin Gobir tun 1836, lokacin da Mayaƙi ya kafa ta bayan yaƙin Gawakuke, shekaru kusan talatin bayan faɗuwar Alkalawa a 1808. Abin da ake samu a irin waɗannan garuruwa ba dogayen hasumiyoyi ba ne. Zauren fada ne, ko soron wani hakimi, ko masallacin ƙasa mai rufin azara, ko kufan tsohon gari, maƙabartar sarakuna, tsohuwar rijiya, karofi, wani lokaci kuma ofis ko aji na zamanin Turawa. Idan mutum yana son ya taɓa ɗaya daga cikinsu, wa zai tambaya? Kuma in ya tambaya, me zai samu ban da ɓata lokaci?

A takarda Nijar tana da amsa. Doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 ta tanadi kare kayan tarihi da al'adun ƙasa, kuma a watan Nuwamba na shekarar aka fitar da ƙa'idojin aiki da ita. Zubinta irin na Faransa ne: a ƙidaya abu, a sa shi cikin kundi, da zarar ya shiga kuma ba a rushe shi ko a sauya masa kama sai da izinin hukumar da ke kula da al'adu. A 2013 UNESCO ta sa tsohuwar Agadas cikin jerin kayan tarihin duniya, tare da hasumiyarta ta ƙasa mai tsayin mita 27. Tun 2006 Nijar ta miƙa sunayen wasu wurare da take fatan a karɓa, cikinsu har da Birnin Damagaram da fadar sarkinsa, da fadar Zarmakoy na Doso, da masallatan ƙasa na jihar Tawa. Babu gini daga gundumominmu uku, wato Gidan Runji da Agye da Gazawa, a wannan jeri, kuma ba abin fushi ba ne, don ba kowane zaure duniya za ta zo kallo ba. Damuwar ita ce tsakanin abin da ya isa a kai maganarsa Yamai da abin da bai isa komai ba akwai fili mai faɗi, kuma cikin wannan fili kusan duk abin da muke da shi yake.

Shiga kundi ma shi kaɗai ba ya tsare gini. Ganuwar Kano da ƙofofinta suna cikin kayan tarihin Najeriya, dokar 1979 kuma ta ɗora kula da su a kan hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Duk da haka a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. Hukumar ta yi ƙorafi bayan aikin gama ya gama, aka gina wata ƙofar ta zamani a gurbin. In haka ta faru a Kano mai jami'o'i da jaridu da Gidan Makama, me zai hana ta faru a Gazawa?

Ingila ma sai da ta sha irin wannan kafin ta gyara. Ta fara rubuta gine-ginenta masu daraja gadan-gadan ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a ƙarƙashin dokar 1947, lokacin da bama-bamai suka nuna mata yawan abin da za ta iya rasawa a dare ɗaya. Amma shekaru ashirin na farko dokar tana da ƙofa a buɗe: mai gini sanar da hukuma kawai yake yi cewa zai rushe, in wa'adi ya cika hukuma ba ta motsa ba, sai ya ɗauko diga. A 1961 aka fara rushe babbar ƙofar dutse ta tashar jirgin ƙasa ta Euston a Landan, masana da jaridu suna ta kururuwa a banza. A 1968 aka juya lamarin. Daga lokacin shirun hukuma ya daina zama izini. Mai gini ne zai jira takarda a hannu kafin ya taɓa.

Yau kundin Ingila yana ɗauke da abubuwa kusan 400,000, an kasa gine-ginen cikinsa daraja uku. Fiye da kashi 90 cikin ɗari suna daraja mafi ƙanƙanta, wato gidajen zama ne na mutane, da kantuna, da gadoji, da rumbunan gona, har da duwatsun alamar mil a bakin hanya. Kowa na iya buɗe kundin ta intanet ya ga ko gidan da zai saya yana ciki, kowa kuma na iya neman a sa wani gini. Mai son gyara ko rushewa ba Landan yake zuwa ba, ofishin ƙaramar hukumarsa yake zuwa. Ba a karɓar ko kwabo a kan wannan takarda. Zai kai zanen aikin, da bayanin abin da ya sa ginin ke da daraja da yadda aikin zai shafe shi. Sai a liƙa sanarwa, a ba jama'a kwana 21 su faɗi ra'ayinsu. An ɗibar wa hukuma mako takwas ta ba da amsa, in ta hana kuma akwai ɗaukaka ƙara. Idan ginin na sahun gaba ne ko kuwa rushewa ake nema, dole a sanar da hukumar tarihi ta ƙasa da wasu ƙungiyoyin sa kai, waɗanda mafi daɗewarsu William Morris ya kafa ta a 1877. Wanda ya yi gaban kansa laifi ya aikata, ana iya ɗaure shi har shekara biyu, tara kuma ba ta da iyaka, kuma alƙali yana duba ribar da mutum ya ci daga ɓarnar kafin ya yanke ta.

Mai karatu zai fi riƙe maganar ɗauri da tara. Ni abin da ya fi jan hankalina wani ne: mafi yawan masu neman izinin nan ana ba su. Ashe ba don hani aka kafa tsarin ba. An kafa shi ne don a tilasta wa mai gini ya zauna da wanda ya san gini kafin ya fara aiki. Jami'in da ke wannan aiki yakan zo ya duba, ya ce ƙofar da kake son fasawa a wannan bango, in ka matsar da ita can ba za ka taɓa tsohon katako ba. Ɗakin da kake son ƙarawa, yi shi ta baya. Mai gida ya samu abin da yake so, gini ya tsira da abin da ya sa aka rubuta shi. Kuma kada a ɗauka duk ginin dutse ne. A yankin Devon akwai gidajen ƙasa da yawa, waɗanda aka kwaɓa da ciyawa kamar namu, suna cikin kundi, kuma nasihar da ake yi wa masu su ita ce wadda tsofaffin maginanmu ke yi: kada a shafe bangon ƙasa da siminti, don yana kulle laima a ciki har bango ya ruɓe ba a sani ba.

Masu wayo ba su ƙare ba, ko a can. A watan Agusta na 1980 aka rushe fuskar masana'antar taya ta Firestone a yammacin Landan cikin kwanakin hutu, ana gab da sa ta a kundi. A watan Afrilu na 2015 wani kamfani ya yi irin wannan da wata tsohuwar mashaya mai suna Carlton Tavern, wadda ta tsira daga bama-baman yaƙi. A wannan karon hukumar Westminster ta ce sai an mai da ginin yadda yake, kuma aka mai da shi, aka sake buɗe shi a 2021. Ba abin da ake sayarwa a ciki ne ya dame mu ba. Abin lura shi ne umurnin ya yiwu ne domin masana sun riga sun auna ginin sun ɗauki hotunansa kafin a rushe. Da babu wannan, da ba a san abin da za a ce a mayar ba.

Akwai wani reshe na tsarin Ingila da ya fi kusa da halinmu, ko da yake a majami'u aka yi shi. Dubban majami'un Cocin Ingila suna cikin kundi, amma gwamnati ba ta sa limamansu su yi layi a ofishin ƙaramar hukuma don gyaran cikin gini ba. Ta bar cocin ta riƙe nata tsarin izini, da sharaɗin ya kasance da masana a ciki kuma jama'a su sami bakin magana. Ƙa'idojin da aka fitar a 2015 sun kasa ayyuka gida uku: ƙananan gyare-gyare da ba sa bukatar izinin kowa, matsakaita da wani babban jami'in coci zai sa wa hannu bayan ya ji shawarar masana, da manya da sai an kai gaban kotun coci. Wanda ya san yadda fada da masallaci suke a ƙasar Hausa zai ga hikimar nan take. Ba a aika ƙaramin ma'aikaci ya tsaya gaban Sarkin Gobir ya ce masa ranka ya daɗe, ba ka da iko da zauren kakanninka. Ba zai faɗa ba, in ya faɗa ma ba za a ji ba. Amma ana iya roƙon fada ta kafa wa kanta ƙa'ida, ta ce babu wanda zai taɓa ginin sarauta ko tsohon masallacin Juma'a sai an zauna da Sarkin Magina da liman da wakilin hukumar al'adu. Dokar da sarki ya ɗora wa kansa ta fi wadda aka aiko masa daga Yamai ƙarfi.

Faransa, wadda muka ari zubin dokarmu daga gare ta, ta fi Ingila tsauri. Ta fitar da jerinta na farko a 1840, babbar dokarta ta 31 ga Disamba 1913 ce, a 1943 kuma ta ƙara da cewa duk aikin da za a yi cikin mita 500 kewaye da ginin tarihi sai masanin gini na gwamnati ya duba. Amma tsaurin yana tafe da kuɗi. Gwamnati tana ɗaukar wani kaso na kuɗin gyara, tana kuma rage wa mai ginin haraji. Mu mun kwafo hanin, mun baro taimakon a can.

Abin da hani marar taimako ke haifarwa, Jenne ta ƙasar Mali ta nuna shi. Garin ya shiga jerin UNESCO a 1988, babban masallacinsa na ƙasa, wanda aka gina a 1907, ya zama abin alfaharin Afirka. Amma mutanen da ke kwana cikin gidajen sun daɗe suna kuka. Ba a yarda su sauya fasalin gida ba, ga ɗakuna ƙanana masu duhu, ga yaɓen kowace shekara yana ƙara tsada, su kuma suna son daɓen zamani da wurin wanka kamar kowa. A watan Satumba na 2006 aka ga wasu ma'aikatan gidauniyar Aga Khan a kan rufin masallaci suna bincike, ba a yi wa jama'a cikakken bayani ba, gari ya hargitse. Aikin da suka zo yi mai amfani ne, daga baya ma an yi shi, an sauke tulin yaɓen da ya yi wa rufi nauyi. Izinin hukuma suna da shi. Yardar masu masallaci ce ba a nema yadda ya kamata ba. A 2016 kuma aka sa Jenne cikin wuraren da ke cikin haɗari. Talakan da aka ce masa gidanka na duniya ne, amma kuɗin yaɓe naka ne kai kaɗai, ba zai ɗauki kundi abin girmamawa ba. Zai ɗauke shi masifa, maƙwabcinsa kuma zai yi addu'ar kada a rubuta nasa.

Ginin ƙasa yana da wani hali da dole dokarmu ta sani, wanda dokar masu ginin dutse ba ta damu da shi ba sosai. Shi ba ya jira. Dutse in an bar shi shekara goma zai tsaya. Soro in ya tsallake damina biyu ba yaɓe, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, to ya kama hanya. A farkon Satumba na 2024, cikin daminar da ta yi wa jihar Maraɗi ma mummunar ɓarna, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya zube. Shekara guda kafin nan, ranar 11 ga Agusta 2023, wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, ya rufta kan masu sallar la'asar, aka rasa rayuka. Babu wanda ya kawo buldoza a wuraren nan biyu. Saboda haka duk tsarin da zai sa magini ya jira takarda kafin ya yi yaɓe ko ya canja azarar da gara ta ci, shi da kansa zai zama mai rushe gini. Kuma ran mutum yana gaba da kowane bango. Dokar Ingila ma ta yarda cewa in gini na barazana ga rai, a yi iya abin da zai kawar da haɗarin nan take, a sanar da hukuma a rubuce da wuri.

To ta yaya za a sa mutum ya kare abu da son ransa, ba don tsoron tara ba? A nan ba sai mun je Turai ba, don manoman Agye sun riga sun amsa, ko da yake a kan itace suka amsa. Tun dokar daji ta Turawa ta 1935, har zuwa ta Nijar ta 1974, itatuwa masu daraja irin su gawo suna ƙarƙashin ikon gwamnati ko da a gonarka suka tsiro. Ba ka sara ba ka sassabe reshe sai da takarda, in ka yi malamin daji ya ci ka tara. Nufin dokar kare itace ne. Abin da ta haifar shi ne manomi yana ganin toho ya fito sai ya sare shi tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo masa jami'i cikin gona. Gonaki suka zama fili fetal, iska tana binne shuka. Bayan yunwar 1984 aka fara wani abu a kewayen Maraɗi, wanda Tony Rinaudo da abokan aikinsa suka yaɗa, manoma suka kira shi sassaben zamani: a bar kututture ya yi toho, a zaɓi rassa masu ƙarfi a rage sauran. Dabarar ba ta da wuya. Abin da ya sa ta kama shi ne manomi ya fara tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, zai ci amfaninsa. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙara ƙarfafa wannan. A Ɗan Saga cikin gundumar Agye mutanen gari suka kafa kwamitinsu na tsaro, da mata a ciki da makiyaya, suka sa wa kansu ƙa'idar sara da hukuncin wanda ya karya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Takardar izini ta yi shekara hamsin ba ta tsare gawo ba. Da aka bar wa mai gona hakkinsa, aka kuma sa maƙwabtansa su zama masu sa ido, sai gawo ya dawo.

Gini ba itace ba ne, na sani. Gawo yana ba da taki da abincin dabba, tsohon soro kuwa kuɗi yake ci. Wannan bambanci shi ne ya sa taimakon ya zama dole, kuma ba sai ya yi yawa ba. Azara ta yi wuya ta yi tsada, magina masu iya ɗaurin guga suna ƙarewa. In ƙaramar hukuma ta ce duk ginin da ya shiga kundinta za ta kawo masa amalanken jar ƙasa da 'yan azara kowane rani, ta biya ladan babban magini na 'yan kwanaki, ko ta ɗauke wa mai shi wani haraji, to mutane za su zo da ƙafarsu su ce a rubuta nasu. Wani zai ce ƙasar da ke fama da 'yan bindiga a bakin iyaka, da 'yan gudun hijirar da suka shigo Gidan Runji tun 2019, da ambaliya, ina ta ga kuɗin soro? Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba na kiran a kafa sabuwar ma'aikata.

Tsanin da za a hau yana nan. Dokar karkara ta 1993 ta haifar da kwamitocin filaye da ake kira Kofo, daga na ƙauye zuwa na ƙaramar hukuma zuwa na gunduma, inda sarakuna da ma'aikata da wakilan manoma da makiyaya ke zama tare, suna rubuta gona da burtali da mashayar dabbobi. Mutanen da suka iya shata burtali su rubuta shi, ba za su kasa rubuta zaure biyar da kufai biyu a ƙasarsu ba. Kundin ya zama gajere, dattawan gari su zaɓa, a karanta shi a bainar jama'a ranar kasuwa da gidan rediyon gari, a manna shi a ƙofar ofis da Hausa da Faransanci. Kowane abu a rubuta dalilinsa cikin layi uku, domin dalilin ne zai nuna abin da za a iya taɓawa. In darajar masallaci tana cikin ginshiƙansa da rufinsa, babu laifi a faɗaɗa harabarsa a sa famfo da lantarki. In darajar wuri kabari ne, ginin da ke kansa ana iya sabunta shi, titi ne ba zai bi ta kai ba.

Sai a kasa ayyuka kamar yadda Cocin Ingila ta yi. Yaɓe, da toshe tsaga, da canja azara da irinta, da gyaran indararo, kowa ya yi abinsa ba tambaya. Fasa sabuwar ƙofa, ɗora kwano a kan soro, shafa siminti, ƙara ɗaki, wannan a gaya wa kwamitin gari, babban magini ya zo ya duba. Rushewa kuwa sai an kai gunduma, an sanar da ofishin al'adu na jiha, an ba jama'a lokaci su yi magana. Wa'adin amsa kuma a ɗaure shi da kalandarmu. Aikin gini a ƙasar nan na rani ne, bayan an kai amfani gida. Wanda ya nemi izini a watan Janairu aka amsa masa a Yuni an cuce shi shekara guda, kuma badi ba zai tambaya ba. Wata ɗaya ya isa. Sharaɗi mafi wuya shi ne wanda Ƙofar Na'isa ta koya mana: gwamnati ita ma ta nemi izinin. Injiniyan titi da ɗan kwangila su duba kundin tun suna zane, ba ranar da mota ta iso bakin katanga ba.

Abin da zama irin wannan ke iya haifarwa, an gan shi a Dandaji cikin jihar Tawa. Tsohon masallacin ƙasa na garin ya lalace, kuma ya yi wa jama'a kaɗan. Masu zanen gini Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka zo da shawarar a gina sabon masallaci babba a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji, tsohon kuma a gyara shi ya zama ɗakin karatu. Aka kira tsofaffin maginan da suka san ginin suka sa hannu a gyaran, aka gama aikin a 2018. Ba kowane gari zai yarda a sauya wa masallaci aiki ba, malamai suna da magana a kan abin da aka yi waƙafi, kuma a bakinsu ya kamata a ji ta. Amma attajirin da ya zo da niyyar sadaka mai gudana bai rasa ladansa ba don an ce masa Alhaji, ga fili nan kusa, gina sabo a nan ka bar mana na kakanni. Sau da yawa ba wanda ya taɓa ba shi wannan zaɓi ne kawai.

Wani ginin kuma dole zai tafi. Bango ya ruɓe daga tushe, ko asibiti na bukatar wurin, ko magada ba su da wani abin da za su raba. A irin wannan a ba da izini ba tare da jan rai ba, da sharaɗi guda: a ba da mako biyu kafin a fara. Cikin mako biyun a auna tsawo da faɗi, a zana fasalin ɗakuna, a ɗauki hoton kowane bango da zanen da ke jikinsa da waya, a zaunar da tsofaffin unguwa a naɗi muryarsu suna faɗin wanda ya gina, da zamanin wane sarki, da inda aka ɗebo ƙasa. Ƙyauren ƙofa da azarar da ke da sauran ƙarfi a ajiye su don gyaran wani ginin. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo tana nan Maraɗi, tafiyar ƙasa da awa biyu daga kowace cikin gundumomin uku, kuma ɗalibanta suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Kwafi ɗaya ya zauna a fada, ɗaya a ofishin ƙaramar hukuma, ɗaya a jami'a, don in gara ta ci na wuri guda a samu na wani.